Baƙi da fari a Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki: ta ina wariya ta shigo?

Duk lokacin da wani bidiyo ya ɓulla na cin zarafin baƙar fata, gardama iri ɗaya ce ke tashi a tsakanin Hausawan Legas, ko a teburin mai shayi a Agege, ko a rumfunan Mile 12, ko a zaurukan WhatsApp. Da aka nuna yadda ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya a 2017, wasu Kiristoci suka ce ga halin Larabawa nan, ga abin da addininsu ya koya musu. Da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Amurka a 2020, wasu Musulmi suka rama, suka ce ai dama Turawa ne suka kawo wariya duniya, da Baibul a hammata. Kowane ɓangare yana da abin nunawa a tarihi, shi ya sa maganar ba ta ƙarewa. Amma abu biyu ake cakuɗawa: abin da littattafan suka faɗa, da abin da mabiya suka aikata. Sai an raba su kafin a gane ta wace kafa ɓarnar ta shigo.

A Musulunci nassin bai bar wurin kwana-kwana ba. Aya ta 13 a Suratul Hujurat da dukkan mutane take magana: an halicce ku daga namiji da mace, an sanya ku al'ummomi da ƙabilu domin ku san juna, kuma mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi taƙawa. Suratur Rum, aya ta 22, ta jera bambancin harsuna da launuka tare da halittar sammai da ƙasa a cikin ayoyin Allah. Ke nan baƙin fatarmu ba wani aibi ba ne da ake haƙuri da shi, shaida ce ta ikon Mahalicci. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an halicci Annabi Adamu daga damƙar ƙasa da aka ɗebo daga ko'ina a doron duniya, shi ya sa 'ya'yansa suka fito da ja da fari da baƙi da abin da ke tsakani. A hajjin bankwana kuma, shekara ta 10 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa taron mahajjata cewa Ubangijinsu ɗaya ne, ubansu ɗaya ne, babu fifiko ga Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, ko ja a kan baƙi, ko baƙi a kan ja, sai da taƙawa. Imam Ahmad ya kawo wannan a Musnadinsa.

Ba a baki kawai abin ya tsaya ba. Bilal ɗan Rabah, wanda Umayya ɗan Khalaf ya riƙa ɗora wa dutse a ƙirji a zafin ranar Makka, shi ne ya hau saman Ka'aba ya kira sallah ranar da aka buɗe garin. Sayyidina Umar yana cewa Abubakar shugabanmu ne, kuma ya 'yanta shugabanmu, yana nufin Bilal. Usama ɗan Zaid, baƙin saurayi ɗan 'yantaccen bawa, shi Annabi ya ɗora a kan rundunar da ke ɗauke da manyan sahabbai. Abu Huzaifa ya aurar wa Salim, 'yantaccen bawa, 'yar ɗan uwansa, ɗiyar manyan Ƙuraishawa.

Kiristanci ya faro maganar tun daga babin farko na littafin Farawa, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa. Malaman coci a kan wannan aya suke gina darajar ɗan Adam: wanda ya wulaƙanta mutum ya wulaƙanta abin da Allah ya sanya wa hatiminsa. Manzo Bulus ya tsaya a birnin Atina, a gaban mutanen da ke kallon sauran duniya a matsayin bagidaje, ya ce daga mutum ɗaya Allah ya yi dukkan al'ummai. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, 3:28, ya ce babu Bayahude ko Bahelene, babu bawa ko ɗa, babu namiji ko mace, duk ɗaya suke cikin Almasihu Yesu. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, sai ya ɗauko Basamariye, ɗan ƙabilar da masu sauraronsa suka fi rainawa, ya mai da shi gwarzon labarin. Cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma daga nesa da ƙasar Yahudiya akwai Bahabashe, ma'ajin sarauniyar ƙasarsu, a hannun Filibus. Akwai ma wani labari a Littafin Ƙidaya, babi na 12, da ba a cika karantawa ba: Maryamu da Haruna, 'yan'uwan Musa, sun yi gunaguni a kansa saboda ya auri mace 'yar ƙasar Kush, sai hukunci ya sauka a kan Maryamu, ba a kan amaryar ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, addinan biyu ba su ɓoye cewa manyan mabiyansu na farko sun yi tuntuɓe a wannan wuri ba. Abu Zarri, da duk zuhudunsa, ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi ya ce masa kai mutum ne da ke da sauran jahiliyya a tare da kai. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Bitrus kuwa, almajirin Yesu, wanda da bakinsa ya ce ya gane Allah ba ya tara, a Antakiya ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba da ya ga wasu baƙi sun iso daga Urushalima, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Wannan yana nuna ƙyamar ƙabila cuta ce da ke iya zama a zuciyar mai ibada ta gaske, kuma maganinta a wancan zamani shi ne a faɗa wa mutum a fuskarsa.

Akwai wuraren da masu gardama ke kamawa, kuma bai kamata a tsallake su ba. A Musulunci akwai hadisin da ya ce shugabanni daga Ƙuraishawa suke, akwai kuma girmama iyalan gidan Annabi, wanda mu ma a ƙasar Hausa muke yi wa sharifai. A Tsohon Alkawari akwai batun zaɓaɓɓiyar al'umma. Malamai sun daɗe suna tattauna iyakar waɗannan nassosi. Ibn Khaldun, alal misali, ya danganta sharaɗin Ƙuraishanci da ƙarfin haɗin kan da ƙabilar ke da shi a lokacin. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya yi maganar launin fata, babu kuma wanda ya ce nasaba tana tserar da mutum. Annabi ya faɗa wa 'yarsa Faɗima cewa ba zai wadatar mata da komai a wurin Allah ba, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda aikinsa ya bar shi a baya, nasabarsa ba za ta kai shi gaba ba. Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa masu tinƙaho da jinin Ibrahim cewa Allah na iya tayar wa Ibrahim 'ya'ya daga duwatsu. Gaskiya ne kowane addini ya ja layi tsakanin wanda ya yi imani da wanda bai yi ba. Sai dai wannan layi ne da mutum ke iya ƙetarewa da zaɓinsa, ba kamar fatar da aka haife shi da ita ba.

To ina gizo ke saƙar? A wajen bauta. Addinan biyu sun tarar da ita a duniya, sun sassauta ta, amma nassinsu bai soke ta kai tsaye ba. Alƙur'ani ya sanya 'yanta bawa cikin kaffara, ya ware masa kaso a zakka, kuma Buhari ya kawo cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Sabon Alkawari ya sa masu satar mutane a jerin manyan masu laifi, Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi bawansa Unisimas a matsayin ɗan uwa, amma shi dai Bulus ɗin ya ce bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. Ta wannan ƙofa da aka bari a buɗe 'yan kasuwa da sarakuna suka shigo.

A dubi yadda abin ya tafi a ɓangarorin biyu, za a ga hanya ɗaya suka bi. Da farko hujjar bautarwa ita ce addini. A 1452 Fafaroma Nicholas na Biyar ya ba sarkin Fotugal izinin yaƙar Musulmi da masu bautar gumaka da mayar da su bayi na har abada. A fiƙihun Musulunci ma, wanda ake bautarwa shi ne kafirin da aka kama a yaƙi. Sai matsala ta taso: idan bawan ya karɓi addinin ubangidansa fa? Ko idan dama can mai addinin ne? A yankin Virginia na Amurka, majalisa ta yi doka a 1667 cewa baftisma ba ta canza matsayin bawa. Daga nan hujjar addini ta faɗi, aka koma neman wata, sai aka kama fata. A Maroko, Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya sa aka tattara baƙaƙen ƙasar, har da 'ya'ya Musulmi, aka rubuta su a matsayin bayin sarki domin rundunarsa. Malaman Fas da dama sun ƙi sa hannu, ɗaya daga cikinsu, Abdussalam Jassus, sai da ya rasa ransa a 1709.

Da kasuwa ta buƙaci hujja mai kama da ta addini, sai aka zaƙulo labarin la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu, wai daga gare ta baƙar fata ta samo asali. Duk wanda ya buɗe Farawa babi na 9 zai ga Nuhu Kan'ana ɗan Ham ya la'anta, kuma babu maganar baƙi ko fari a wurin. Alƙur'ani kuwa ko sunan Ham bai ambata ba. Amma labarin ya ratsa cikin wasu littattafan tarihi na Musulmi ta hanyar isra'iliyyat, wato labaran da aka ɗauko daga Ma'abota Littafi, ya kuma zama abin wa'azi a cocin masu gonakin bayi a kudancin Amurka. Ibn Khaldun ya ƙaryata shi, ya ce zafin ƙasa ne ke rina fata, ko da yake shi kansa ya rubuta kalaman raini a kan baƙaƙe a wasu shafukan, abin da ke nuna zurfin da cutar ta yi. A 1615, da mutanen Tuwat suka aiko wa Ahmad Baba na Tumbuktu tambaya a kan bayin da ake kawo musu daga kudu, ya amsa cewa launi ba shi ne dalilin bauta ba, ya yi watsi da zancen Ham, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Tambayar kanta shaida ce cewa ana sayar da kakanninmu masu sallah a kasuwannin ƙetaren Sahara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya sa haramcin bautar da 'ya'ya Musulmi cikin abubuwan da ya shelanta. Sai dai fatawar da ta kare Bakano ba ta kare maƙwabtansa da ba su musulunta ba, kuma daular Sakkwato ta cika da rinji, ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Laifi tudu ne, in za mu hango na Bature da na Balarabe, to mu duba wanda muke takawa.

Legas ta ga wannan tarihi da idonta. A farkon ƙarni na 19 tana cikin manyan tashoshin lodin bayi a wannan gaɓar teku, kuma cikin waɗanda aka loda zuwa Bahia ta Birazil akwai Hausawa da yawa. Su ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a can a 1807, kuma da su aka yi boren Musulmi na 1835 cikin watan azumi tare da Yarabawa. Hausawan da Baturen mulkin Legas John Glover ya tara a 1863 ya kafa dakarun da suka zama tushen sojan Nijeriya, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu.

Daga Legas ɗin dai aka loda wani yaro ɗan garin Osogun na ƙasar Yarabawa a jirgin Fotugal a 1822. Mahara Musulmi ne suka kama shi, 'yan kasuwa Kiristoci suka saye shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi ya kai shi Saliyo. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a Canterbury a 1864, bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika. Tun a lokacin Turawan mishan da ke Abekuta, irin su Henry Townsend, ba su yarda su zauna a ƙarƙashinsa ba. A 1890 wasu matasan Turawa 'yan mishan suka zo suka dakatar da ma'aikatansa, suka tozarta dattijon da ya haura shekara 80 a gaban taro. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, aka maye gurbinsa da Bature, kuma sai da aka shafe kusan shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe irin wannan kujera. Ban san wani labari da ya fi wannan nuna tazarar da ke tsakanin Galatiyawa 3:28 da halin masu wa'azinta ba. Kiristocin Legas ba su bar littafin ba, Turawan suka bari: 'yan Baftis suka ɓalle a 1888, aka kafa cocin 'yan ƙasa a 1891, wata kuma a 1901 daga cocin St Paul na Breadfruit. Da nassin da aka kawo musu suka kafa hujja a kan waɗanda suka kawo shi.

Haka gyara ya riƙa zuwa daga cikin gida a ko'ina. Kiristoci masu tsoron Allah irin su Wilberforce, ɗan majalisar Ingila, su ne suka matsa har Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807. Ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka, wadda aka kafa a 1845 a kan kare masu bayi, kuma ita ce ta turo 'yan mishan ƙasar Yarabawa a 1850, ta fito ta nemi gafara a 1995. A 1982 gamayyar cocin Reformed ta duniya ta ayyana kare mulkin wariya na Afirka ta Kudu da sunan addini a matsayin ɓata. A wasu ƙasashen Musulmi abin ya yi jinkiri matuƙa: Saudiyya ta soke bauta a 1962, Muritaniya a 1981, kuma sai 2007 ta mai da ita laifin da ake hukuntawa.

Yanzu mu dawo gida, inda kusan kowa baƙi ne. Wanda ya taɓa sallar Juma'a a Agege ya san yadda sahu ke malalowa kan titi. Ana shimfiɗa tabarmi da kwalaye da buhunan siminti, ɗan acaɓa ya ajiye hular kwanonsa a gabansa, kusa da shi alhajin canji cikin shadda mai sitaci, sai Bayarabe da agbada, sai Buzu mai gadi da rawaninsa, sai yaro mai wankin takalmi da akwatinsa a gefe. Liman ya ce a daidaita sahu, kafaɗa ta taɓa kafaɗa, babu mai tambayar asalin wani. Ranar Lahadi a cocin da ake sujada da Hausa, a bariki ko a cikin unguwa, mutumin Zuru da na Kagoro da na Numan da Bakatsine suna rera waƙa ɗaya daga littafi ɗaya. A waɗannan mintoci koyarwar tana aiki yadda aka saukar da ita.

Bayan an watse ne ake ganin saura. Har yanzu akwai ɗan uwanmu da zai wuce masallatai uku don kada ya bi Bayarabe sallah, ba don ya ji kuskure a karatunsa ba. Wannan kuwa a garin da Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya dasa Markaz, makarantar da ya kafa a Abekuta a 1952 ya dawo da ita Agege, wadda ta yaye malaman Larabci da ba su ƙirguwa. Akwai mai gidan haya, mai sallah ko mai zuwa coci, da zai ce wa dillali kada ya kawo masa ɗan Arewa. Akwai Bahaushe Kirista da ke shan tambaya daga ɓangare biyu: a kasuwa a ce masa ba cikakken Bahaushe ba ne, a wata cocin a riƙa kallonsa kamar ɗan leƙen asiri, alhali tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa. A rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 da na Mile 12 na Maris 2016, akwai masu kallon alƙibla ɗaya a kowane ɓangare. Ga kuma 'yan matanmu da ke ƙona fatarsu da man bilicin, saboda sun tashi suna jin ana yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata.

Inda abin ya fi tsanani shi ne aure. Saurayi ya fito, yana da sana'a a Alaba Rago, maƙwabta sun shaide shi da sallah da riƙon amana, yarinya tana so. Baffanta ya ce madalla, amma a ba su lokaci su yi bincike. A buga waya gida Arewa. Bayan kwana biyu amsa ta dawo ƙasa-ƙasa: kakansa bacucane ne, ko gidansu mahauta ne, ko wanzamai, ko uwarsa ƙabila ce. Ba wanda zai faɗa wa yaron haka. Za a ce masa, ɗana, ka yi haƙuri, an riga an yi mata miji. A gidajen Kiristoci ma akwai irinta, ko da sunan ƙabila, ko a wasu gidajen Ibo da sunan osu, wato zuriyar waɗanda aka keɓe wa abin bauta a da, duk da dokar da ta soke shi a 1956.

Mu da muke bin mazhabar Malikiyya ba mu da mafaka a nan ko kaɗan. Wasu mazhabobi sun sa nasaba cikin sharuɗɗan dacewar ma'aurata, amma Imam Malik da aka tambaye shi aure tsakanin 'yantattun bayi da matan Larabawa, ayar Hujurat ya karanta, ya ce Musulmi duk tsaran juna ne. Abin da mazhabar ta duba shi ne addinin mutum da lafiyarsa daga aibobin da ke hana zaman aure. Wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu a nan Legas. Kowane mai wa'azi ya iya labarin Bilal, kowane fasto ya iya na Basamariye, jama'a kuma suna jin daɗin saurare domin abin ya faru a nesa. Abin da nake so in ji daga mumbarin Agege da Idi-Araba da Obalende shi ne a sauko da labarin cikin unguwa: a ambaci mahauci da wanzami da maƙeri da jikan bawa da sunan sana'arsu da asalinsu, a faɗa wa waliyyai ƙarara cewa mazhabarsu ba ta ba su ikon kore waɗannan mutane don wannan dalili ba, a kuma faɗa a lokacin da masu aurar da 'ya'yan suke zaune a sahun gaba.